Darasi daga ƙaramar farfelar wutsiyar jirgi

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli jirgi mai saukar ungulu, babbar farfelar sama ce ke fara ɗaukar hankalinsa. Amma akwai wata ƙarama a wutsiya, kuma in babu ita jirgin ba zai tsaya daidai ba. Yayin da babbar ke juyawa gefe guda, gangar jirgin takan nemi juyawa ɗaya gefen. Ƙaramar ce ke hana ta. Wannan tsari ya karɓu ne bayan Igor Sikorsky ya gwada jirginsa VS-300 a Amurka a 1939, kuma yawancin jiragen yau a kansa suke.

Masu kallon ƙwallon Ingila ba za su manta da daren 27 ga Oktoba, 2018 ba. Wilfred Ndidi ya rama wa Leicester City ƙwallo, aka tashi 1-1 da West Ham. Bayan wasa, mai ƙungiyar, Vichai Srivaddhanaprabha, ya shiga jirginsa ƙirar AW169 daga tsakiyar fili. Jirgin ya ɗaga, sai ya kama juyawa kamar katantanwa, ya faɗo kusa da filin ya kama wuta. Mutum 5 da ke ciki duk suka rasu.

Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Birtaniya ta fitar da rahotonta a Satumba 2023. Boris ɗin da ke cikin farfelar wutsiya ne ya gaji ya cije. Da ya cije, sandar da ke sarrafa farfelar ta kwance daga inda aka ɗaure ta, matuƙi ya taka feda bai sami amsa ba. Abin lura shi ne, ƙa'ida ta ce a duba boris ɗin bayan awa 400 na tashi, jirgin kuwa bai wuce awa 331 ba. Wato lokacin dubawar bai ma yi ba. Ƙa'idar ce ta gaza. Tun a Nuwamba 2018 hukumar Tarayyar Turai ta ba da umarnin gaggawa a duba wutsiyar jirage ƙirar AW169 da AW189, daga baya aka wajabta maimaita dubawar.

Haka dokokin wannan sana'a suke samuwa. Ana rubuta awannin da kowane sashe ya yi, makaniki ya sa hannu, in wa'adi ya cika a canza shi ko da ido bai ga aibu ba. Saboda wannan rubutu ne masu bincike suka gane inda ƙa'ida ta yi rauni.

Yaranmu da ke koyon gyaran babur ko injin niƙa a Gidan Rumji da Agye da Gazawa ba jirgi suke taɓawa ba, amma boris ɗaya ne aikinsa. Malamai da iyaye, mu saba musu da littafi: ranar da aka sa giris, ranar da aka canza, da hannun wa. Babur mai goyon yara uku zuwa makaranta shi ma rayuka yake ɗauke da su.