Waƙoƙin Gayya a Ƙasar Hausa

Waƙoƙin gayya su ne waɗanda makaɗan noma ke yi a gona ranar da jama'a suka taru su yi wa mutum guda aiki ba da lada ba. Sun samo asali ne daga tsarin noman gandu, lokacin da hauya da garma ne kaɗai kayan aiki, damina kuma ba ta jiran kowa. Mai gona zai raba goro ya sa rana, ya tanadi fura da tuwo, sarkin noma kuwa ya ja samari.

A nan aikin makaɗi yake. Yana bin bayan manoma da gangarsa, kiɗan yana daidaita saran garma har sahu ya tafi tare. Ya san kowa da ubansa da kakansa. Wanda ya riga kai kunya ya sha kirari, wanda ya laɓe a gindin gawo ya sha zambo, kuma kafin magariba 'yan mata sun kai waƙar dandali. Saurayin da ya kai gayya gonar surukinsa ya fi tsoron bakin makaɗi a kan zafin rana. Wannan shi ya sa gayya ta zama bashi: wanda aka yi wa yau, gobe sai ya fito, don waƙa ba ta mantuwa. Mata ma suna da nasu, wajen daɓe da lugude, inda amshi ke haɗa kishiya da maƙwabciya a kan turmi ɗaya.

Malaman jihadin 1804 sun soki kiɗan da ke cuɗanya maza da mata, amma kiɗan noma ya ci gaba a ƙauyuka. Daga cikinsa manyan makaɗa suka fito. Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, ya tashi yana yi wa mahaifinsa amshi a kiɗan noma kafin ya koma waƙar sarakuna, Ɗan Anace kuma ya haɗa manoma da 'yan dambe a waƙoƙinsa. Bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryoyin irin waɗannan makaɗa suka kai birane.

Garmar shanu da tarakta da maganin feshi sun rage buƙatar hannaye da yawa, ƙwadago ya maye gurbin gayya, ci-rani ya kwashe samari. Abin da ya fi ciwo shi ne halin Zamfara, tushen makaɗan noma da dama, inda 'yan bindiga suka hana ƙauyuka masu yawa zuwa gonakin nesa, balle a buga ganga a can.