Kwana 41 Kafin Hawan Dutse: Darasi Daga Sabarimala

A kudancin Indiya, a jihar Kerala, akwai wani haikalin mabiya addinin Hindu a kan dutse a tsakiyar kurmi, ana kiransa Sabarimala. A nan suke yi wa abin bautarsu Ayyappa sujada. Bisa ga labarin gargajiyarsu, sarkin Pandalam ne ya rene shi. Kowace shekara, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, miliyoyin mutane sukan hau dutsen nan.

Ba a tashi rana ɗaya a ce za a tafi. Mai niyya yakan keɓe kansa kwana 41. Zai rataya carbi a wuya, ya sa baƙin tufafi, ya bar nama da giya da aski, ya ƙaurace wa shimfiɗar aure. Da yawa sukan ajiye takalmi. A kwanakin nan ba babba ba yaro: attajiri da lebura duka ana kiransu "Suwami". Ranar tafiya kowa zai ɗora wata jaka mai aljihu biyu a ka, gaba kwakwa cike da man shanu domin baiko, baya kuwa guzuri. Daga bakin kogin Pamba ake fara hawa, tafiyar kamar kilomita 5. A ƙarshe akwai matakala 18, ba mai taka su sai wanda ya ɗauko jakar.

Tarihin wurin yana da nasa hawaye. A 1950 wuta ta ci haikalin, aka sake gina shi. A 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta soke hanin da aka yi wa mata masu shekara 10 zuwa 50, ƙasa ta ɗauki zafi da gardama. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru ran 14 ga Janairu 2011. A daren bikin, jama'a sukan taru su hangi wani haske da ke bayyana a kan wani dutse da ke nesa. A wannan shekarar, suna kan hanyar komawa ta Pullumedu, aka yi turmutsitsi, fiye da mutum 100 suka mutu. Bayan haka hukumar da ke kula da haikalin ta amsa cewa mutane ne suke kunna wutar.

Ba mu kawo wannan don ba'a ba. Waɗanda suka mutu iyaye ne da 'ya'ya, halittar Allah kamar mu. Kiristocin Kerala ma, waɗanda suke danganta asalinsu da Manzo Toma, maƙwabtansu ne. Waƙar da ake sawa kullum da dare kafin a rufe haikalin, muryar wani mawaƙi ce daga gidan Kirista, K. J. Yesudas.

Mu ma hawan dutse ba baƙo ba ne a tarihinmu. Isra'ilawa sukan haura Urushalima sau uku a shekara, Zabura 120 zuwa 134 kuwa waƙoƙin hanya ne. Amma a Yohanna sura 4, da Basamariya ta tambayi Yesu a kan wane dutse ya kamata a yi sujada, ya nuna mata cewa Uba ba wuri yake nema ba, sai masu yi masa sujada a ruhu da gaskiya. Ba mu muka hau muka same shi ba. Shi ya sauko, ya ɗauki gicciye zuwa Golgota dominmu. Haskensa kuma ba hannun mutum ne ya kunna ba.

To, ga inda maganar ta taɓa mu. Kwanakinsu 41 sukan ƙare dab da Kirsimeti. Su suna tafiya ba takalmi, mu muna bakin tela muna rigimar ɗinki. An ba mu ceto kyauta, amma addu'ar minti goma tana gagararmu, mu shigo sujada a makare, ido a kan waya. Alheri ya ɗauke mana hawan dutse, bai ɗauke mana shirya zuciya ba.

Makon nan bari kowannenmu ya zaɓi abu ɗaya da zai ajiye domin ya sami lokaci da Ubangiji. Mu kuma tuna da 'yan'uwanmu na Indiya da maƙwabtansu cikin addu'a. Amin.