Sarkin Ƙofa da Makullin Shafi

Tarihin ƙasar Maraɗi, tun daga bakin Gulbi har zuwa Sabon Maci a kan hanyar Dakoro, yana ɗauke da labarin mutanen da aka rufe wa ƙofar gidansu. Bayan da masu jihadi suka karɓe Katsina wajen 1807, sarakunanta na dā suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Birnin da suka baro yana nan da ganuwarsa, da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da sauransu, sai dai masu riƙe da ƙofofin sun canja. Wannan shi ne halin mai shafin intanet da ya wayi gari kalmar sirrinsa ta ƙi buɗewa. Shafin yana nan, sunansa yana kai, amma ikon shiga ya bar hannunsa. Darasin da magabata suka bari shi ne, mai riƙe da ƙofa shi ke da gari.

Kakanninmu ba su ɗauki tsaron ƙofa da wasa ba. Tarihin Kano ya nuna an fara gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, kuma kowace ƙofa da sarkinta, wanda ke rufewa da dare ya buɗe da asuba. Falken da dare ya yi masa yakan kwana a waje, ba don abokan gaba sun ci garin ba, sai don ƙa'ida ce. Haka ma ba kowace rufewar shafi ce kutse ba. Wani lokaci mantuwa ce, ko an yi ta gwada kalmar da ba daidai ba har tsarin ya kulle kansa, ko kuɗin haya ya ƙare, ko wata ƙaramar manhaja ta lalace. Alamun ɓarawo daban suke: an canja adireshin imel da ake aika sabuwar kalma, an ƙara wani mai iko da ba a san shi ba, ko masu ziyara su tsinci kansu a shafin caca.

Idan kutsen ya tabbata, bugun ƙofa ba ya buɗe ta. Falken dā yana da mai masauki da ya san shi, ya san kayansa, yake tsaya masa a gaban hukuma. Shafi ma yana da mai masauki, wato kamfanin da ke ajiye shi a na'urorinsa. Ta wajensa ake shiga rumbun bayanai a sake kalmar sirri, a kori baƙin sunaye, a maido da tsohon kwafi mai tsabta, a sabunta manhajoji, sannan a ƙara mataki na biyu na tantancewa ta waya. Amma duk wannan sai in da sunanka aka kama masaukin. Ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwar da ya bar komai a hannun wanda ya gina masa shafi, ranar da wancan ya ɓace ko suka ɓata, ba shi da shaidar cewa gidan nasa ne.

Wani zai ce kwatancen ya yi nisa, domin mai kutse na yau na'ura ce a wata nahiya da ke laluben ɓaraka dare da rana. Akwai gaskiya a nan. Ganuwa ma ana fasa ta da ƙarfi, kamar yadda Turawan Ingila suka shiga Kano da igwa a watan Fabrairun 1903. Shafin hukumar zaɓe ta Najeriya ma an kutsa masa ranar zaɓe, 28 ga Maris 2015. Sai dai tarihin kalmar sirri kansa yana komawa ne ga amana. An fara amfani da kalmar sirri ta kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 1960, ba a jima ba wani ɗalibi na cikin gida ya buga jerin kalmomin kowa a takarda. A watan Yulin 2020 da aka ƙwace shafukan Barack Obama da Bill Gates a Twitter, ma'aikata aka yaudara ta waya har suka miƙa makulli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa tsagar a wurin mutum take.

Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a watan Yulin 2019, Najeriya kuwa tun 2015. Doka tana hukunta ɓarawo in an kama shi, amma ba ta maido da abin da ba a adana ba. Magabata sun naɗa wa kowace ƙofa sarki sananne. Mai shafi a Sabon Maci shi ma ya san hannu nawa makullinsa yake, da sunan wa aka kama masauki, da inda kwafi yake ajiye, tun ƙofar tana buɗe.