Daga Zauren Malam Zuwa Shafin Intanet: Darasin Garwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen gina shafukan intanet da za su dace da makaho da kurma da wanda bai yi boko ba, sai a ɗauka baƙon tunani ne daga Turai. Ni kuwa ina ganin tarihin Garwa ya riga mu sanin wannan.

Kafin Jamusawa su ci garin a 1901, Fulani da fataken Hausawa na bakin Binuwai da ajami suke rubutu. Ba kowa ke iya karanta wasiƙa ba, amma akwai malam a zaure. In mai wasiƙar tsoho ne, malam ya ɗaga murya. In bai ji Fulatanci ba, ya juya masa da Hausa. Makaho ma ba a korarsa daga makarantar allo, da kunne yake ɗaukar karatu har ya haddace.

Da Faransawa suka karɓi ragama bayan yaƙin 1915, takardar hukuma ta koma Faransanci, talaka ya zama ɗan kallo a kan abin da ya shafe shi. Gidan rediyon Garwa, da aka buɗe a 1958, ya rage wannan giɓi, don ya yi magana da mutane da Fulatanci da Hausa. A 1979 kuma masana suka amince a Yawunde da haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru, har da ɓ da ɗ.

Intanet ya shigo Kamaru a 1997. Bayan shekara biyu ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojinta: kowane hoto ya zo da bayani a rubuce, don manhajar da ke karanta wa makaho ta faɗa masa abin da ke ciki, sauti ya zo da rubutu saboda kurma, mai raunin gani ya iya ƙara girman haruffa. A 2010 Kamaru ta yi dokar kare masu buƙata ta musamman.

Duk da haka, mafi yawan shafukan da ɗan Garwa ke buƙata da Faransanci ko Ingilishi suke, shi ya sa 'yan kasuwa suka rungumi saƙon murya na WhatsApp. Mai gina shafi ya kamata ya tambayi abin da malamin zaure ke fara dubawa: wa ke gabana, kuma ta wace hanya zai ji?