Ɗigo Shida a Bakin Kwara: Yadda Rubutun Makafi Ya Iso Ƙasar Hausa Ta Ƙofa Biyu

A farkon shekarar 1824 wani matafiyi Bature, Hugh Clapperton, ya shiga birnin Kano. Cikin abubuwan da ya rubuta har da wata unguwa ta makafi zalla a cikin ganuwa. Ya yaba tsabtarta da kyan ginin ɗakunanta, ya ce masu mulkin gari na ba mazaunanta wani kaso, kuma suna fita bara a kasuwa da tituna. A wannan shekara dai, can a birnin Faris, wani yaro makaho ɗan shekara 15 mai suna Louis Braille ya kammala tsara rubutun da ake karantawa da yatsa, ya wallafa shi a 1829. Kowane harafi gida ne mai gurbin ɗigo shida, biyu a kwance, uku a tsaye, kuma daga cikinsu ake fitar da alamu 63. Sai da shekara ɗari ta wuce da ɗoriya kafin wannan rubutu ya sami makaranta a arewacin Najeriya.

Makafin ƙasar Hausa ba su zauna jiran Bature ba. Suna da Sarkin Makafi da 'yan majalisarsa, shi ke sasanta rigima, ya karɓi baƙo, ya kai kukansu fada. Suna tufkar igiya su kai kasuwa. Mafi girman abin da suka riƙe kuwa shi ne hadda. Yaron da bai ga allo ba yana zama gefen masu gani, yana ɗaukar karatu daga bakin malam, kuma babu malamin da zai kore shi alhali ya san dalilin saukar Suratu Abasa, ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum ladanin Manzo ne. Daga wannan gida Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya fito. Ya makance tun yana ƙarami, amma ya tsara waƙar Imfiraji a ka, yana faɗa wasu na rubutawa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1990.

Sai dai kunne yana da iyaka. Namangi bai taɓa iya komawa kan baitinsa shi kaɗai da dare ya duba ko marubucin ya sa daidai ba. Wasiƙa, takardar gona, lissafin bashi, duk sai an kira mai ido, kuma sirrin da aka karanta wa mutum da bakin wani ya tashi daga sirri.

Tunuga wuri ne da ya dace a tsaya a dubi sauran labarin. Ƙaramar hukuma ce a gundumar Gaya, jihar Dosso, a ƙurewar kudancin Nijar, inda Kogin Kwara ke shirin barin ƙasar. Ƙetaren ruwa Benin ce, gabas kuma ƙasar Dandi ta jihar Kebbi da garin Kamba. Garin Dole Kaina ma iyaka ta raba shi, wani ɓangare a Nijar, wani a Najeriya. Ana noman shinkafa a fadama, ana su, ana jin Hausa da Dandanci da Fulatanci a kasuwa ɗaya.

Rafukan da ke zuba cikin Kwara a wannan shiyya, irin su Mekuru da Alibori da Sota wadda ke shiga kogin kusa da Malanbil, sun daɗe suna ɗauke da wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Cizonsa na dasa ƙananan tsutsotsi a jiki, a fara da ƙaiƙayi, a ƙare da makanta. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka buɗe shirin yaƙi da cutar a ƙasashe bakwai, har da Nijar da Benin, da hedikwata a Wagadugu. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa bin rafuka suna zuba maganin kashe 'ya'yan ƙudan. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Ƙarshen Janairun 2025 aka tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ta farko a Afirka, ta biyar a duniya bayan Kolombiya, Ekwado, Meziko da Gwatamala. Babbar nasara ce. Amma likita yana hana makanta ne, ba ya koyar da wanda ya riga ya makance karatu, kuma yanar ido da amosanin ido da hawan jinin ido ba su tafi ko'ina ba.

Karatun ɗigo ya zo ne ta ƙofa biyu. A Najeriya mishan suka kawo shi. Mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, sannan mishan ta SUM ta kafa makarantar makafi a Gindiri a 1953, ta farko a ƙasar. Ba abin mamaki ba ne iyaye Musulmi da dama suka ja baya, don sun san littafin da za a fara ɗora wa yatsun yaransu. Sai da gwamnatocin jihohi suka buɗe nasu makarantu, kamar ta Tudun Maliki a Kano, aka sami sakin jiki. A Nijar kuwa ƙungiyar makafi ta ƙasa ce ta ja gaba, makarantar Soly Abdourahamane da ke Yamai ta zama cibiya, kuma harshen lakwal Faransanci ne.

A nan iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta biyo har kan ɗan yatsa. A ce yara biyu makafi ne 'yan dangi ɗaya a Dole Kaina, ɗaya aka kai shi Yamai, ɗaya aka kai shi makaranta a Najeriya. Daga a zuwa z ba su da saɓani. Bayan nan kowa ya kama hanyarsa. Gidan da ɗigo shidansa duka ke tsaye, ɗan Yamai zai karanta shi é, ɗan Najeriya zai karanta shi wata gajeruwar kalmar Ingilishi. Haka gidan ç da na è. Alamar babban baƙi ta bambanta, hanyar rubuta lambobi ma haka. Najeriya ta rungumi haɗaɗɗen tsarin Ingilishi a 2005, tare da ƙasashe irin su Ostireliya, Nijar kuma na bin abin da aka tsara a Faransa. Yaran nan za su yi hira da Hausa har gari ya waye, amma wasiƙar ɗigo da ɗaya zai aika wa ɗaya sai an yi ta da lura. Wani abin dariya: Louis Braille bai sa w cikin jerin haruffansa na farko ba, don Faransanci bai cika buƙatarta ba, daga baya aka liƙa ta a gefe. Ina Bahaushe zai kai wani, wata, wannan da wancan ba tare da ita ba?

Shekaru da dama kayan aikin ba su wuce allon ƙarfe mai ramuka da tsinken huda takarda ba, ana rubutu daga dama zuwa hagu don a juya takardar a karanta daga hagu. Mai hali ya sayi keken rubutu na Perkins, wanda ya fito a 1951. Littafi ɗaya na masu ido kan zama kundi da yawa, ga takarda mai kauri da tsada, ga gara da laimar damina.

Canjin ya faro a shekarun 1970, lokacin da kamfanoni a Jamus da Amurka suka ƙera na'urar da ɗigoginta ke tashi suna kwanciya. Layi ɗaya ne na gidaje, kowane gida da ƙusoshi takwas, ƙarƙashin kowace ƙusa akwai siririn falle da ke lanƙwashewa idan lantarki ya taɓa shi. Mai karatu ya shafa layi, ya danna maɓalli, layi na gaba ya taso. Na'ura mai gida 40 ƙusa 320 ke nan, kowace da injinta, shi ya sa kuɗinta ya riƙa kai dubban dalolin Amurka. Na'urar kuma ba ta san komai da kanta ba. Manhajar karanta allo ce ke ɗauko abin da ke fuskar kwamfuta, ta faɗe shi da murya ko ta tura shi ƙarƙashin yatsa. JAWS ta fito wa Windows a 1995, da tsada. A 2006 wani matashi makaho a Ostireliya, Michael Curran, ya fara NVDA, James Teh ya haɗu da shi, suka bayar kyauta. VoiceOver ta shiga iPhone a 2009, TalkBack ta shiga Android, wadda ita ce a aljihun talaka.

Matsalar da ta daɗe ita ce kowane kamfani da yaren da na'urarsa ke ji, sai an rubuta wa kowace manhaja direba daban. A 2018 aka cimma ƙa'ida ɗaya ta haɗin USB, da hannun Apple da Microsoft da Google, don a jona na'ura ta kama aiki nan take. A daidai lokacin na'urar Orbit Reader 20 ta fito a ƙasa da dalar Amurka 500, wato kusan jika 300 na sefa. An rage, amma a gidan manomin shinkafa har yanzu kuɗin bijimin sa ne. A 2022 Google ta shigar da aikin waɗannan na'urori cikin TalkBack kanta.

To, ina Hausa a ciki? Tsakanin rubutun allo da ɗigo akwai jadawali, wanda ke cewa harafi kaza ɗigo kaza ne. NVDA da manhajoji da dama na amfani da taskar jadawalai mai suna Liblouis, wadda John Boyer, makaho kuma kurma, ya fara a 2002. Idan mutum ya zaɓi jadawalin da bai san ƙ ko ɗ ko ɓ ba, manhajar kan zubo lambar harafin a kwamfuta a madadinsa, harafi ɗaya ya cinye gidaje da yawa a layin da duka-duka gida 20 ne. Ga kuma saɓanin rubutu: Nijar ta tsayar da ƴ a ƙa'idarta ta 1999, Najeriya na rubuta 'y. Masu ido da yawa sun huta, suna buga kasa a wurin ƙasa, bata a wurin ɓata, su bar mai karatu ya cinta. Muryar Ingilishi ko ta Faransanci kuwa, in aka ba ta Hausa, kwaɓa ta take yi son ranta. Ba mamaki saƙon murya na WhatsApp ya fi komai karɓuwa.

Wasu na cewa tunda waya na magana, a bar ɗigo ya huta. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Wanda ke saurare kawai ba ya sanin yadda ake harhaɗa kalma, inda aya take, ko yadda ake jera lissafi, kuma makaho kurma ba shi da wata ƙofa sai yatsa. An yi shekara ɗari biyu ana ƙoƙarin fitar da makaho daga dogaro da bakin wani. Maye bakin ɗan jagora da bakin waya bai kammala aikin ba.

Dokoki sun riga sun buɗe hanya. Yarjejeniyar Marakesh ta 2013 ta halatta a juya littattafai zuwa sigar makafi ba tare da neman izinin mai haƙƙi ba, kuma Najeriya ta shiga a 2017. A Maris 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage ba gini ba ne, ba jirgin feshi ba ne. Jadawalin Liblouis takarda ce ta rubutu zalla, kowa na iya gyara ta ya miƙa. Malaman makarantun makafi na Yamai, Kano da Gindiri, da ƙungiyoyin makafin ƙasashen biyu, da masana Hausa na Jami'ar Bayero da ta Abdou Moumouni, su zauna wuri ɗaya su amince da ɗigon ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, su gwada shi a kan NVDA da TalkBack da yatsun ɗalibai na gaske. Masu ido kuma, daga gidajen jarida zuwa mai buga sanarwar ɗaurin aure a waya, su daure su riƙa sa wa haruffa ƙugiyarsu.