Tsofaffin Ƙamus da Littattafan Koyon Boko a Ƙasar Hausa

Masu tarihin rubutun boko sun rabu a kan mafarinsa. Wasu suna kai shi 1843, wasu 1912, wasu kuma shekarun 1930. Saɓanin ya samo asali ne daga cakuɗa littattafai iri biyu da ba su da manufa ɗaya. Akwai waɗanda aka rubuta domin Bature ya koyi Hausa, akwai kuma waɗanda aka rubuta domin ɗan Bahaushe ya koyi karatu da haruffan Latin. Na farko sun girmi na biyu da shekaru masu yawa, kuma an ƙera su ne a kan tsarin littattafan koyon Latin da marubutansu suka tashi da su. A Ingila ta wancan zamani ba a shiga jami'ar Oxford ko Cambridge sai da Latin, sharaɗin da bai faɗi ba sai wajen 1960. Nahawun Kennedy da aka sabunta a 1888, da ƙamus ɗin Lewis da Short na 1879, su ne a wurin ɗalibin Ingila kamar Ajurumiyya da Alfiyya a zauren malam. Duk wanda ya fito daga wannan tarbiyya, in ya zauna rubuta nahawun wani harshe, da wannan ma'auni yake aunawa.

James Frederick Schön, Bajamushe mai wa'azin mishan, ya bi tawagar kogin Kwara ta 1841, ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Mafi yawan Hausarsa ta baya daga bakin Dorugu ta fito, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Charles Henry Robinson ya fi shi da abu ɗaya, domin shi ya isa Kano a ƙarshen 1894, kuma ƙamus ɗinsa ya fito a Cambridge cikin juzu'i biyu, 1899 da 1900. A ɓangaren Jamus, Adam Mischlich ya buga nasa a 1906 da taimakon Imam Umaru na Kete-Krachi, malamin da ya kamata sunansa ya fi haka fitowa a wannan tarihi. Aikin mutanen nan ba ƙarami ba ne, amma mai karatunsu jami'in mulki ne ko ɗan mishan. Latin harshe ne da ake koya da ido, ma'anarsa tana ƙarshen kalma, saboda haka suka himmatu wajen jera jinsi da jam'i da sigogin aikatau, kunnensu kuwa ya wuce karin sauti, wanda shi ne ke rarrabe kalmomi da yawa a Hausa. Tsawon wasali ma bai samu kulawar da ta dace ba, alhali malaman ajami sun daɗe suna nuna shi da alif da wawu da ya.

Masu riƙe da 1912 suna da hujja mai ƙarfi. Gwamna Lugga ya riga ya zaɓi haruffan Latin a kan ajami don aikin ofis, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Nan ne aka fara tunanin yaron da zai riƙe alƙalami. Sai dai ƙa'ida ba ta zama karatu sai da abin karantawa, kuma ɗaliban lokacin 'yan kaɗan ne, galibi 'ya'yan sarakuna da malaman da ake horarwa. Rubutun ma bai zauna ba tukuna. Sautukan da yau muke rubutawa da ɓ da ɗ da ƙ, wani ya sa musu ɗigo a ƙasa, wani ya maƙala musu waƙafi a sama, wani ya bar su haka nan, mai karatu ya yi ta lalube tsakanin daidai da ɗaiɗai.

Shekarun 1930 ne suka haɗa abubuwa uku da ba su taɓa haɗuwa ba: ƙamus da ya saurari harshen, haruffa tsayayyu, da littattafan da yaro zai so. G. P. Bargery ya shafe sama da shekara goma yana bin garuruwa yana tattara kalmomi daga bakin masu harshen, kuma ƙamus ɗinsa ya fito a 1934 da kalmomi kusan 39,000, ɗauke da alamun karin sauti da bayanin inda ake faɗin kalma, ko Sakkwato ko Katsina ko Kano. Har yau in gardama ta tashi a kan tsohuwar kalma, wurinsa ake komawa. A daidai wannan lokaci Hukumar Fassara, wadda wasu ke cewa an kafa ta a 1929 wasu kuma 1930, ta zauna a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, ta koma Hukumar Talifi. Gasar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Marubutan nan malamai ne da suka yi karatun allo kafin su shiga boko, kuma Hausarsu ba ta bi ta kan nahawun kowa ba. Magana Jari Ce, juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, don makaranta aka rubuta shi tun farko, abin da mutane da yawa ke mantawa saboda daɗinsa. Kafin shekarun su ƙare an karɓi haruffa masu lanƙwasa, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, ta kai boko hannun wanda ya bar makaranta.

Za a iya cewa East ma ɗan Oxford ne, Bargery ma ɗan mishan ne, to ina bambancin? Bambancin yana ga wanda aka rubuta domin sa da kuma wanda ya riƙe alƙalamin. Duk da haka ba a fita daga inuwar Latin a dare ɗaya ba. Sai a 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa rukunoni bakwai bisa wasalin ƙarshe da karin sauti, wato bisa ɗabi'ar harshen kansa. Boko kuma ya tafi da gadon rashin nuna tsawon wasali da karin sauti har zuwa yau, kuma a wannan gaɓa mai kare ajami yana da gaskiya.

Bayan shekarun 1930 aikin ya ci gaba: ƙamus ɗin R. C. Abraham ya fito a 1949, aka sake buga shi a 1962. Hukumar NORLA ta cika Arewa da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci a shekarun 1950, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a Kaduna a 1955, kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya ya gaji aikin bugu a 1966, kuma da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu ɗaliban firamare da yawa suka buɗe ido. M. K. M. Galadanci ya fitar da nahawunsa a 1976. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, mai bayanin Hausa da Hausa, ya fito a 2006, shekara 130 bayan na Schön.