Geji

geji (suna, namiji). Ma'aunin matsin iska, gas, tururi ko ruwa a cikin bututu, tanki ko tukunyar tururi ta masana'anta. Yana da fuska mai lambobi da allura ɗaya. Misali: "Oga, geji ya hau, in rage wuta?"

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne samfurin da injiniyan Faransa Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849. A cikinsa akwai siririn bututun tagulla ko ƙarfe, lanƙwasasshe kamar lauje, bakinsa ɗaya a toshe. Idan matsi ya shiga, bututun sai ya nemi miƙewa, ƙananan haƙoran giya su kama wannan ɗan motsi su juya allura. Matsi na sauka, bututu ya koma yadda yake.

Ana karanta shi da bar ko psi. Bar 1 kusan psi 14.5 ne. Inda inji ke jijjiga, akan cika shi da giliserin don allura ta daina rawa. Gejin da allurarsa ta ƙi komawa sifiri bayan an sauke matsi ba abin yarda ba ne, a canza shi kawai. Na iskar oksijin kuwa, kada maiƙo ya taɓa shi, domin yana iya tada gobara.